Layi Ɗaya da Oga Ya Taɓa

A ofishinmu na Kakuri, inda muke rubuta manhajar da masu babur ke kai saƙo da ita, akwai wani fayil da na gada. Shi ne sikimar API ɗinmu, wato yarjejeniyar da ke faɗa wa wayar kwastoma da ta mai babur irin bayanin da za su miƙa wa juna. Tsawonsa kuwa, wallahi in ka fara gangarawa daga Gonin Gora sai ka shiga Abuja ba ka ga ƙarshensa ba. Adireshi kaɗai an kwafa shi a wurin oda, a wurin rajista, a wurin rasit, kowanne da halinsa, ba sa ga maciji da juna. Ka gyara nan, can ya ɓalle.

Na sha roƙon Oga ya bar ni in yayyanka shi. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin in wani abu ya lalace a koma gidan jiya. Na ware wa adireshi ɗan fayil ɗinsa, kwastoma nasa, kaya nasu, duk mai bukata ya ɗauka daga can. Rabin furfurata a aikin nan ta fito.

Cikin adireshin na bar gurbin kwatance, don mutumin Unguwar Mu'azu ba ya ce maka lamba kaza. Cewa yake, bayan mai shayi, gida mai baƙin get.

Sai Oga ya dawo daga wani taro da sabon ilimi. Ya buɗe ɗan fayil ɗina na adireshi, ya ga gajere ne, har da yabo. Ya share kwatance, ya mai da lambar gida dole.

Kafin azahar oda ta tsaya cak, rajista ta tsaya, rasit ma haka. Masu babur suka cika ƙofa suna ta danna hon.

"Malam, layi ɗaya fa na taɓa!" in ji Oga.

"Ranka ya daɗe, ai amfanin abin ke nan. Ka taɓa wuri ɗaya, ya isa ko'ina."

"Da a tsohon ne, da oda kaɗai za ta mutu."

"To a mayar da layin mana, Oga."

"A'a. Abin da layi ɗaya ke kashewa, ba da ni ba. Dawo mana da babban."

Na dawo da shi, ina ji ina gani. Har yau in zan nemi adireshi a cikinsa, sai na yi sallama da iyali, na ɗauki guzuri.