Hira da Shugaban Masu Ma'adinai a Filin Golf

Malamar da ke duba kundin digirina na biyu ta ce babi na huɗu gurgu ne. Kundin a kan ma'aikatan haƙar ma'adinai ne a Afirka. Na ji ta bakin ma'aikata, na ji ta bakin ƙungiyoyinsu, amma babu ko mutum guda daga ɓangaren masu ɗaukar aiki. In ban samo shi kafin ƙarshen zango ba, ba zan kare kundin ba, kuma takardar zamana ta ɗalibi tare da zangon za ta ƙare. Ban ce ta zalunce ni ba. Amma a nan Greensboro, garin da nake karatu a ƙasar waje, ina zan samo mai kamfanin ma'adinai?

Wani Alhaji ɗan garinmu Damagaram, mai ɗauko manyan baƙi daga filin jirgi a baƙar motarsa, shi ya tare ni bayan sallar Juma'a.

"Ɗan lakwal, sarkin karatu, har yanzu kana neman mai ramin ma'adinai? To na samo maka. Ɗan Kwango ne, ya zo bikin gama karatun ɗiyarsa. Tun daga filin jirgi har unguwar Sedgefield yake lissafa mini muƙamansa, muka iso bai ƙare ba."

"Alhaji, anya zai yarda kuwa?"

"Wanda ke yi wa direba lacca kyauta? Kai dai ka sa kwat, kuma kar ka kuskura ka ce masa Mushe kawai, yadda ake ce wa kowa da Faransanci. Shugaba za ka ce."

Alhaji ya ce in sami mutumin a filin golf, don a nan kaɗai yake da sarari. Na je da 'yar rikodata da tambayoyin da na yi ta gyarawa har na rasa wadda ta fi ladabi. Na tarar da mutum mai jiki, cikin farar riga da farar safar hannu, yana ƙamshi. Bai tambayi sunana ba. Ya nuna mini 'yar motar nan da ake yawo da ita a cikin filin, ya ce da Faransanci, "Ka iya tuƙi? To mu je, ka yi tambayoyinka a hanya."

Tarihinsa ban sha wahalar samu ba. Ya fara da manyan motocin surukinsa masu jigilar ƙasar tagulla, daga nan ya shiga siminti, sai aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu kamfanonin ma'adinai ta yankinsu, sai kuma ta masu ɗaukar aiki gaba ɗaya. Yana cikin hukumar gudanarwar wani kamfanin haƙa, yana kuma ba gwamnati shawara kan dokar da za ta sa ido a kan kamfanin. Kowane muƙami, in ji shi, roƙonsa aka yi ya karɓa. Wataƙila haka ne. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da aka roƙa da yawa haka ba kuma bai taɓa cewa a'a ba.

Da na ga ya lafa, sai na tambaye shi yadda kamfaninsu ke yi da ma'aikacin da ƙura ta ci masa huhu.

"Tambaya mai kyau," ya ce, yana auna sandarsa ta golf. "Amma wannan ta hukumar kamfani ce. Yau da sunan masu ɗaukar aiki nake magana."

"To, Shugaba, da sunan masu ɗaukar aikin, mene ne matsayinku?"

"Ƙungiya ba ta shiga harkar cikin gida ta membobinta. Wannan aikin doka ne."

"Ai na ji ka ce kai kake ba da shawara kan dokar."

Ya yi dariya har da dafa mini kafaɗa. "Ɗan ƙanena, shawara sirri ce. Ka matsar da motar gaba."

Haka muka yi ta yi. Duk tambayar da na kawo, sai ya ce ta wani ofishin ce, kuma ofishin shi ne a ciki. Ƙwallonsa ya faɗa cikin yashi, ya waiga, ya sa ƙafa ya turo shi kan ciyawa. Ban san dokar wasan ba, mai yiwuwa ta yarda da haka. Amma in ta yarda, ban ga dalilin waigen ba.

Mahaifina a ramin yuraniyom na Arlit ya yi aikinsa, kuma da tari ya koma gida. Ban yi niyyar faɗa ba, don ba na son a ce na shigo da son rai cikin bincike. Sai dai na tambaye shi yaushe rabonsa da shiga rami.

"Rami na injiniyoyi ne," ya ce. "Shugaba daga sama yake gani. Ka rubuta wannan, jimla ce mai kyau."

A hanyar komawa, cikin cunkoson titin Wendover, Alhaji, wanda ya zo ɗaukata, ya leƙo ni ta madubi.

"Yaya, ka samo zinariyar?"

"Alhaji, kaset ya cika, amma ina jin babu kome a ciki."

"Ai na sani. Ni ma ya ce zai saka ni a harkar sufuri a Kwango. Ko ruwa bai saya mini ba."

Na rubuta hirar kamar yadda take, ban ƙara ba ban rage ba. Na haɗa da bayani mai tsawo cewa mai amsawar bai amsa ba, cewa wataƙila laifin tambayoyina ne, cewa a shirye nake in nemi wani in za a ƙara mini lokaci. Na shiga ofishin malamar na miƙa mata. Na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata na dawo babu takarda.

Ta karanta shafin farko, inda na jera muƙamansa. Ta cire tabarau.

"Shi kansa ka samu? Shugaban nasu gaba ɗaya?"

Na ce e, amma ina ganin ya kamata ta duba amsoshin, don ni a nawa ganin, ko da yake ina iya yin kuskure, ba su ɗauke da wani abu.

Ta ɗan bubbuɗe sauran shafukan da babban yatsa, yadda ake fifita. Ta ce irin wannan muryar ce babin ya rasa, kuma in goge dogon bayanin nan nawa, don yana rage wa hirar daraja. Ta sa hannu nan take, ta ba ni ranar kare kundi.

Na goge bayanin. A wajen karewar, malamai uku ne, kuma duk sun yaba da hirar. Ɗaya ma ya tambaye ni ko Shugaban zai yarda ya zo ya gabatar da lacca.