Ummu Shahat da Hatimin Asibiti

A ƙauyenmu na bakin Nilu, duk wanda ciwo ya kama, kafin ya ga likita sai ya ga Ummu Shahat mai sayar da tattabaru. Ba ta iya karatu ba, amma babu ƙofar asibitin da ba ta sani ba.

Jinyar mijinta ce ta koya mata. Ƙaramin asibitin ƙauye ya tura su na gunduma, na gunduma ya tura su na lardi, can kuma aka ce sai na jami'a. Sau uku ana maido su saboda takardarsu ba hatimi. Da ya rasu, ta rantse ba za a sake maido kowa a kan idonta ba.

Bara ƙafafun maƙwabcinta Girgis suka kumbura, ya ce Alƙahira zai wuce kai tsaye.

Ta ce, "Haba Girgis, da tsalle ake hawa dabino? Daga ƙasa ake farawa. Ɗauko katinka mu tafi."

Haka ta bi da shi daki-daki. A asibitin lardi, magatakarda ya ce su dawo gobe.

Ta ce, "Ɗana, goben nan na san ta, ita ta cinye min miji." Ta shimfiɗa mayafinta, ta zauna a bakin tagarsa.

Kafin la'asar ya buga hatimin. Yanzu sau uku a mako ake yi wa Girgis wankin ƙoda, sauran ranakun yana gonarsa ta albasa.