Takarda ta Uku a Shari'ar Lungun Goggo

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen wasu da muka ci abinci a kwano ɗaya sun ɓace mini. Amma ranar da na miƙa wa magatakardan kotun Jidda takardar da na san za ta kashe ƙarar da na yi wata bakwai ina bi, wannan kam ba za ta bar zuciyata ba sai ranar da aka rufe ni.

A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife ni, kuma Goggo, yayar mahaifina, ita ta rene ni bayan rasuwar iyayena. Tana yarinya ta baro ƙasar Hausa tare da ayarin alhazai, ta ratsa Sudan, ta haye teku, ta zauna. Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya, in ta ɗaga murya a tsakar gida sai ka ce da unguwar gaba ɗaya take. Sana'arta masa da koko, tana soyawa da sassafe a kai kasuwar Bab Makka. Ita ce kuma mai wankan gawar mata a layinmu.

A zamanin babu famfo a gidajenmu, ruwa a ganga yake zuwa bisa amalanken jaki. Tsakanin gidan Goggo da na maƙwabcinta akwai wani lungu da ke kai wa ƙofar bayanta, inda murhu da randuna suke. Ta nan mai ruwa yake shigo da jakinsa ya juye mata. Maƙwabcin kafinta ne, Bahaushen Sudan, mutum mai shiru, yana zaune da tsohuwarsa. Wannan tsohuwa da Goggo sun fi shekara ashirin suna faɗa a kan kaji da hayaƙi, kuma duk ranar da ɗaya ta yi girki mai daɗi sai ta aika wa ɗayar.

Wata rana aka wayi gari kafinta ya ja bango ya toshe lungun. Ya ce yana cikin filin da ya saya, zai faɗaɗa shagonsa. Daga ranar ruwan Goggo ya koma shiga ta ƙofar gaba, bokiti-bokiti, a ratsa zaure, a ratsa ɗakin kwana, kafin a kai ga randa. Matata tana taya ta, ni ma ina yi in na dawo aiki, amma mafi yawa ita ke ɗauka, kuma bayanta ya fara ciwo. Dattawa suka zauna aka kai ruwa rana, mai unguwa ya sa baki, kafinta dai ya tsaya a kan maganarsa. Dole aka tafi kotu.

Goggo ta dangwala yatsa a gaban magatakarda ta naɗa ni wakilinta. Ina da kamar shekara talatin a lokacin, direba ne ni a tashar jiragen ruwa, Larabci a bakina kamar ruwa, kuma ina jin babu ofishin da zai gagare ni. Kotu ta sauke mini wannan girman kai cikin mako guda. Na tarar magana da baki ba ta da wani nauyi a wurin. Duk abin da kake roƙon alƙali, ko ƙanƙani ne, sai an rubuta shi a takardar da ake ce wa ma'arud. Masu rubutawa suna zaune a ƙofar kotu ƙarƙashin lema, kowa da ɗan akwatinsa. A rubuta, a manna kan sarki, mai roƙo ko wakilinsa ya sa hannu, a kai wa magatakarda ya ba ta lamba, kuma dole ta shiga kafin ranar zama. In ta kwana ta kai ranar, ka makara.

Da na gane tsarin sai na fara son abin. Ma'arudin farko da na shigar, na roƙi a hana kafinta rufa ginin har sai an yanke hukunci, alƙali ya amince. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, na karanta wa Goggo takardar sau biyu. Daga ranar ta daina kiran sunana, sai dai ka ji, "Wakili, zo ka ɗauki bokitin nan."

Sau biyu muka nemi a ɗaga zama. Na farko, babban shaidarmu ya tafi Makka aikin lokacin Hajji. Na biyu kuwa laifina ne, na shirya shaidu amma ban san sai an zo da wasu mutum biyu da za su tabbatar wa alƙali amincin shaidun ba, sai a ƙurarren lokaci na ji. Da na kai takarda ta biyun, magatakarda, wani siririn Balarabe mai tabarau, ya ɗago ya dube ni.

"Ka ji da kyau, ya akhi. Mai ƙara sau biyu ake ɗaga masa. In ka kawo ta uku, ko ka ƙi zuwa, za a share ƙarar. Umarnin hana rufi ma ya faɗi tare da ita. Sai ka dawo farko, sabuwar lamba, sabon layi."

Na ce masa ba zai sake ganina da irin wannan takarda ba. Aka sa mana Laraba.

Ranar Litinin da hantsi tsohuwar kafinta ta rasu. Goggo tana jin kuka ta ajiye ludayi, ta ɗauki mayafi ta fita ba ta ce da kowa komai ba. Ita ta wanke ta, ita ta sa mata likkafani. Bayan la'asar muka kai ta. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Muna dawowa daga maƙabarta, ƙasa ba ta bar ƙafata ba, na fara tunanin Laraba. Kafinta zai yi kwana uku yana zaman makoki, ba zai je kotu ba, kuma na san bai shigar da takardar uzuri ba. A ƙa'idar kotun, in wanda ake ƙara bai zo ba, bai kuma rubuto dalili ba, za a saurari shaidunmu a yanke hukunci ba ya nan. Allah Ya yafe mini, zuciyata ta yi fari.

Talata da safe na sami Goggo a gaban babbar tukunya tana dafa wa gidan makoki shinkafa, idanunta sun yi ja.

"Wakili, gobe ne ko?"

"Gobe ne, Goggo."

"To je ka gaya wa alƙali mutumin nan uwarsa ta rasu."

"Goggo, ai ba a gaya wa alƙali magana da baki."

"To a rubuta masa mana. Ba shi ka iya ba?"

Na tafi ina gunaguni. Wani dattijo cikin masu lema ya rubuta mini roƙon ɗaga zama da sunan kafinta, na kai. Magatakarda ya karanta, ya turo mini ita ta kan tebur.

"Kai wakilin wa?"

"Na mai ƙara."

"To yaya za ka roƙa wa abokin shari'arka? Hanya biyu ce. Ko shi ya dangwala yatsansa a nan yau kafin a tashi, ko kai ka roƙa da sunanku. In kuwa da sunanku ne, ta uku ke nan."

Na koma gida da sauri, ina ganin abin ya zo da sauƙi. Na ce wa Goggo yatsa kawai ake so, bari in leƙa in karɓo. Ta juyo da muciya a hannu, ta yi mini kallon da tun ina yaro na san ma'anarsa.

"Ka shiga gidan makoki da takardar shari'a da tawada, a gaban jama'a ka ce da wanda ya binne uwarsa jiya ya miƙo yatsa? Anya ni na rene ka?"

Sai na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce in ba haka ba, sai dai mu bar abin yadda yake mu je gobe mu ci shari'armu, babu wanda zai ce mun karya doka. Ta ci gaba da juya tukunya.

"In an share ƙarar, zai yi rufi?"

"Zai yi, Goggo. In kuwa ya rufa, rushewa sai Allah."

"Lungun ya tafi ke nan."

"Ya tafi."

Ta dubi bokitan da ke jere a bakin ɗaki, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta ce, "Yalla, je ka rubuta tamu. Halas, magana ta ƙare."

Ranar na yi wa Goggo musu irin wanda ban taɓa yi mata ba. Na tuna mata bayanta, na tuna mata wata bakwai na sintiri a rana. Ko kallona ba ta sake yi ba. A hanya har Shaiɗan ya raya mini cewa ni ne wakili, in na je gobe ni kaɗai da shaidu, sai dai ta ji an ci. Na tsaya a inuwar wani shago ina juya maganar, na hango kaina ina shiga gida da wannan labari, na ga ba ni da fuskar da zan kalle ta da ita.

Dattijon mai lema ya gyara alƙalami ya ce, "Me zan sa a dalili?" Na ce, "Mahaifiyar wanda muke ƙara ta rasu." Ya ce, "Mahaifiyar wa?" Na maimaita. Bai ƙara tambaya ba, ya canza takarda ya ɗauko mai tsabta, ya rubuta a hankali. Magatakarda ya karanta sau biyu, ya tambaye ni ko na san abin da nake yi, na ce na sani. Ya buga hatimi, ya ba ta lamba, sannan ya ce za a aika wa kafinta kwafi da ɗan aiken kotu. Na roƙe shi ya dakata ko da kwana biyu ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Nizami ne, haka ƙa'ida take. Duk abin da ɗaya ya roƙa, sai ɗayan ya gani."

Haka takardar shari'ar da Goggo ta hana ni kai wa gidan makoki ta shiga da kanta ranar Laraba, ina zaune a kan tabarma cikin masu ta'aziyya. Kafinta bai iya karatu ba, ya miƙa wa liman, liman ya karanta masa a kunne. Ya ninke ta ya sa a aljihu, bai dube ni ba. Da labari ya isa wa Goggo, ni ta rufe da faɗa kamar ni na aiko mutumin.

Aka share ƙarar. Bayan kwana arba'in sai ga kwanon rufi an sauke a ƙofar kafinta, cikin kwana biyu ya rufe lungun tsaf. Raina ya ɓaci ƙwarai, na daina gaishe shi, na ce zan sake shigar da ƙara. Goggo ta ce in na sake taka kotun nan da sunanta za ta tsige ni daga wakilci. Ta ci gaba da ɗaukar bokitinta, tana dafa ƙugu in ta sauke.

An fi wata a haka. Wata safiya muka ji bugun guduma a bango, har la'asar ana yi. Sai ga sallamar kafinta a ƙofar gaba, jikinsa duk ƙura.

"Goggo, ga mabuɗi. Na fasa ƙofa ta titi, na fasa wata ta wajenki. A ce wa mai ruwa ya riƙa biyowa ta cikin shago."

Muka je muka gani. Ya janye bencin aikinsa gefe, ya bar hanya siririya. Jaki ba zai shiga ba, amma mai ruwa zai ratsa da garwa biyu a kafaɗa, taku kaɗan ya kai randa. Goggo ta buɗe ƙofar, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Wai kai kafinta ne? Ƙofa sai mutum ya karkace zai wuce?"

"Ma'alesh, yi haƙuri, Goggo, iyakar abin da wurin ya bayar ke nan."

Ni kuwa na gyara murya na ce ya kamata a rubuta wannan a kai kotu a sa masa lamba, saboda gaba. Su biyun suka juyo suna kallona. Goggo ta ce, "Rabu da shi, takarda ta cinye masa kai." Ranar na fara ganin haƙoran kafinta. Ba a taɓa rubutawa ba, kuma har ta bar duniya ta wannan ƙofa ruwanta yake shiga, kullum tana mitar ƙanƙantarta.

Bayan shekaru, tana kwance jiki ya yi rauni, na tambaye ta ko ta san zai fasa mata ƙofar. Ta ce, "Ina na sani? Ni na zata lungu ya tafi har abada. Amma da hannuna na wanke uwarsa, ba zan je in kayar da ɗanta ba alhali ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

Na fita daga wannan shari'a na san ranar da ake shigar da takarda, da wanda ya isa ya sa mata hannu, da sau nawa ake ɗaga zama, kuma duk sun amfane ni daga baya. Amma abin da na koya a gaban tukunyar Goggo ya fi su tsayawa a raina: doka tana iya buɗe maka hanyar cin nasara, duk da haka sai ka tsaya ka dubi halin da abokin shari'arka yake ciki kafin ka bi ta. Matar da ba ta iya rubuta ko sunanta ba ita ta koya wa wakilinta haka, kuma ta yi shi ne tana da yaƙinin asara za ta yi. Allah Ya jiƙan Goggo.