Bindigar Da Larai Take Ji

Duk wanda ya yi noma a gonakin gabas da Tozai ya san Kalilu ɗan Na'Allah. Ko bai san fuskarsa ba, ya san ƙarar bindigarsa. Maharbi ne ɗan maharbi. Ubansa bai bar masa komai ba sai gona ɗaya da tsohuwar adaka, irin bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna da tsumma, a harba sau ɗaya a koma ɗuri. Ƙotarta ta taɓa tsagewa ya ɗaure da waya, matarsa Larai ta ɗinka mata riga da jar fata. Shekara arba'in yana harbin zabin daji da zomo da ita, bai taɓa auna ɗan Adam ba.

Da ɓarayin daji suka fara ɗibar mutane a gonaki, sai aikin Kalilu ya sauya. Gero in ya yi tsawo, mai noma ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya taka shi. Don haka da sassafe Kalilu yakan hau wata tsohuwar tsamiya da ke tsakiyar gonakin, ya zauna a reshe da gorar ruwansa, ido a kan hanyar daji. In ya hango babura sun jero, sai ya ɗaga bakin bindiga sama ya saki wuta. Kowa ya san ma'anar wannan ƙara: yar da fartanya, kama hanyar gida. Damina uku yana wannan gadi, ba a ɗauki ko mutum ɗaya a gonakin ba.

Wadda ta fi kowa dogara da ƙarar nan ita ce Larai. Sanƙarau ya taɓa kama ta tun tana goyon fari, ya tashi ya bar ta da nauyin kunne. Sai an kafa mata baki a kunne an yi ihu take ji. Ga shi gayaunarta ta wake tana can ƙarshen gonaki, daf da daji, kuma ba mai raba ta da ita. Takan ce, da ƙarfi kamar yadda masu nauyin kunne ke magana, "Malam, duk duniyag ga ba ni jin kowa sai bindigag ga taka. Kai ma baki kawai nika gani shina motsi."

To, a wannan ƙasa tamu ba a rasa irin su Abbas. Mutum ne da bai taɓa riƙe fartanya ta yi masa kanta ba, ba ya saye ba ya sayarwa, amma kullum rigarsa a goge. Jarinsa baki ne da wata lasifika mai batir. Ranar kasuwar Bafarawa sai ya hau benci ya buɗe maƙogwaro: "A ba kowa bindiga! Talakka na da hakkin tsaron ransa! Mi muka jira, sai an ƙare mu?" Samari su yi ta tafi. Wannan jarumi kuwa, ranar da maharba suka yi harbin murna a wani biki, an gan shi ya toshe kunnuwa ya laɓe bayan buhunan gero.

Magana ta raba gari biyu. Dattawa suna cewa in bindiga ta shiga hannun kowane yaro mai zafin kai, makiyayin da bai ji ba bai gani ba za a fara harbewa, daga nan ramuwa ta biyo, wuta ta ci kowa. Samari suna cewa ai wutar ta riga ta ci, a bar su su mutu a tsaye. Da aka tambayi Kalilu, cewa ya yi, "Bindiga ba ta da hankali, na mai ita taka ara." Shi damuwarsa ɗaya ce, ba shi da takardar izinin riƙe bindiga. Duk sa'ad da ya ji an kama wani da makami a shingen hanya, sai gabansa ya faɗi, don bai ga yadda zai yi da zaman gidan kaso da furfurarsa ba.

Ta wannan ƙofa Abbas ya shigo masa. Iska ta juya, manya sun koma maganar sulhu da ɓarayin daji, an kafa wani kwamiti, kuma ko ka san wa aka ba sakatare? Mai lasifika. Sai ga shi da rana tsaka a ƙofar gidan Kalilu da jakar takardu, ya durƙusa har ƙasa kamar mutumin kirki.

"Baba Kalilu, abin da muka ta ihu a kai ya tabbata. Za a yi ma bindigogin talakkawa rajista. Ka ba ni ta, in kai birni a buga mata lamba, sati guda in maido maka da lasisi. Daga nan ba mai taɓa ka."

"Sati guda fa kac ce? Gero ya kai kai, Abbas. Mutane na cikin gona."

"Haba Baba, an yi sulhu! Ko kaza ba a ƙara ɗauka."

Larai ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga hannun Abbas ya nufi bindiga. Ta fito ta riƙe ƙotar. "Malam, kak ka ba shi! Wanga ko allura ba ni ba shi ajiya." Kalilu ya ji kunya a gaban baƙo, ya ɓamɓare yatsunta a hankali. Abbas ya miƙo masa wata 'yar takarda mai hatimi shuɗi, ya saɓa bindigar a kaikaice kamar mai ɗauke da taɓarya, ya hau babur. Haka ya bi gida gida ya kwashe adaka goma sha ɗaya. Kalilu ya ninke takardar ya sa a aljihu yana jin daɗi, bai san ya saki reshe ya kama ganye ba.

Sati ya wuce, na biyu ya bi shi. Ranar kasuwa, Ɗanmusa mai cajin waya ya kira shi. "Baba, zo ka gani." A cikin wayar ga rumfuna, ga manya da manyan riguna, ga bindigogi an jera a kan tabarma. Mai magana yana cewa waɗannan makamai ne da tubabbun ɓarayin daji suka ajiye. Wani mai rawani ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya miƙa wa babban baƙo, aka yi tafi. Jar fatar Larai ce a jikinta, ga wayar da Kalilu ya ɗaure da hannunsa. A gefe kuwa ga Abbas, baki har kunne, yana tura kai don ya fito a hoto. Ashe ɓarayin sun ƙi ba da ko harsashi, kwamiti kuma ba ya son tabarma ta fito wayam. Da aka gama jawabi aka tara bindigogin aka zuba musu fetur aka cinna wuta.

Kalilu ya mayar wa Ɗanmusa wayarsa. Ya samu Abbas a rumfar mai shayi, Abbas ko kunya babu ya ce, "Baba, sadaukarwa ce don zaman lahiya. Takardarka na nan ai, riƙe ta da kyau."

Ya roƙi Larai ta bar zuwa gayauna, ta ce wake ya bushe, in ta ƙara kwana uku sai dai ta tsince shi a ƙasa. Ya ci gaba da hawa tsamiya hannu rabbana, don bai san abin da zai yi in ba wannan ba.

Ranar Laraba da hantsi ya hango su. Babura bakwai, bibbiyu a kan kowane. Hannunsa ya kai kafaɗa da kansa, ya kamo iska. Ya buɗe baki ya kwarara ihu har muryarsa ta tsage: "Ku gudu! Ga su nan!" Na kusa suka ji, suka gaya wa na gaba, gonaki suka watse. Daga kan reshe yana kallon Larai can ƙarshe, a sunkuye, ta ba daji baya, tana zuba wake a ƙwarya. Ya kira sunanta ya fi sau ashirin. Ya diro ya gurɗe ƙafa, ya ja jiki yana kira. Ba ta ɗago ba sai da inuwar babur ta rufe ta. Da ya isa, ƙwaryar kawai ya tarar a kife.

Kwana biyu ana zaman jaje a ƙofar gidansa. Ran na uku sai ga Abbas, riga a goge, ƙamshin turare na tashi. Iska ta sake juyawa, an rushe kwamiti, ya koma tsohuwar waƙarsa. Bai gama shafa fatiha ba ya miƙe ya fuskanci jama'a. "Kun gani ko? Abin da nika hwaɗi ke nan tun tuni! Da talakka na da bindiga, da wanga abu bai hwaru ba!" Ihu bayan hari, daga bakin wanda ya buɗe wa harin ƙofa. Wani tsoho ya tofar da yawu.

Kalilu ya dafa bango ya tashi a kan gurɗaɗɗiyar ƙafarsa. Ya laluba aljihu ya fito da 'yar takardar, ta yi laushi da gumi, hatimin ya jiƙe. Ya kamo hannun Abbas ya buɗe tafin, ya danna masa ita a ciki.

"Ga bindigata da kab ba ni," in ji shi. "Ɗura ta ka harba, ko Larai ta ji."