Ranar Da Na Tsallaka Ƙonni

Malam Edita, ka yi haƙuri da tsoho, abin nan ya daɗe yana hana ni zama wuri ɗaya. Lokacin da ya faru ina sabon magidanci a Illela, ina fataucin albasa da jakuna. Dabarata ɗaya ce, wadda muka gada: in abu ya yi zafi a ƙasar Ingilishi ka tsallaka ƙasar Faransi, in ya huce ka dawo. Haka iyayenmu suka yi da haraji da aikin dole, ni kuwa na ɗauka maganin kowace fitina ke nan.

Sai Turawa suka zo da zancen zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko. Zaɓen namu na farko babu akwati. Kowane gari zai fitar da mutum ya je gunduma, daga can a yi ta tacewa har a sami masu tafiya Ikko. Mai nema ya tsaya a fili, masu sonsa su yi layi bayansa, kowa na kallon kowa. Mutum biyu suka fito a wajenmu. Ɗaya surukina ne, attajiri, shi ya ba ni 'yarsa, shi ya ɗora ni kan fatauci. Ɗayan kuma wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a fadamar Kalmalo, wanda masu gonakin bakin tafki suka tura don a ji kukansu. Gaba kura, baya sayaki. Na kasa ci, na kasa zama. In na shiga gida matata ta bi ni da ido, in na fita kasuwa a tsokane ni, wai bayan wa jakina zai tsaya. Wana bai taɓa roƙona ba, cewa kawai ya yi in tabbata ina wurin.

Ranar zaɓe da sassafe na ɗaura wa jaki kaya na ce ciniki ya kira ni, na tsallaka ƙasar Faransi, na nufi Ƙonni gidan kawunmu. Ina ta yaba wa kaina, wai ban ɓata wa kowa ba. Amma ko ruwan da aka ba ni ban iya shanyewa ba. Na zaga kasuwa na dawo, na sake zagawa, har kawu ya tambaye ni mi ya koro ni, na ce ba kome.

Da na dawo washegari na tarar da abin da ya faru. Innarmu 'yar Ƙonni ce, kuma wana ɗan farinta ne, don haka can ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, can ta haife shi, kamar yadda kowace mace take yi. Da wana ya tsaya a fili, mutanen surukina suka ce ai wannan haifaffen Ƙonni ne, talakan Faransi, ba shi da hurumi. Malamin zaɓen baƙo ne, bai san kowa ba. Ya ce a kawo ɗan'uwa namiji ya shaida gidan ubansu a Illela yake. Mahaifinmu ya rasu, mata kuwa ba a jin ta bakinsu a wurin, dattawan da suka sani duk suka sunkuyar da kai don kunyar attajiri. Wana ya ce yana da ƙane, a kira shi. Aka tambaya ina nake, wani ya ce ai ya tafi gida, Ƙonni. Wurin ya ɗauki dariya, aka ce wana ya koma gefe.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Sunan baƙo ya bi shi, damina ba ta zagayo ba aka karɓe gonar fadamarsa aka ba wani, wai ba a ba baƙo bakin tafki. Ya kwashe iyalinsa ya koma Ƙonni. Na bi shi neman gafara. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya gaishe ni gaisuwar baƙo. Ya ce shi bai sa rai da ni a layinsa ba, ya san nauyin suruki, da na tsaya bayan surukin ma ba zai ji haushi ba. Abin da ya so kawai in kasance a filin, in buɗe baki in faɗi ko wane ne ubanmu. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, gudu ma tsayawa ce, sai dai ba kai ne kake zaɓar bayan wanda za ka tsaya ba. Don haka ina jan kunnen duk wanda zaɓe ya raba masa 'yan'uwa, kada ya ce zai fake har ƙura ta lafa. Ka je wurin, ka zaɓi wanda ka ga dama, amma a gan ka, don ba ka san abin da za a tambaya a bayanka ba. Wana can ya rasu, can aka binne shi. Ni da na gudu, ni ne har yau ake kira ɗan Illela.