Ɗan Kwikwiyon da Na Kusa Gurguntawa da Ƙanzo

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a firamare ba, kawuna ya zo mana daga ruga da ɗan kwikwiyo a buhu. Muna da kango a bayan gidanmu a Mandawari inda mahaifiyata ke kiwon awaki, ga shi an sace mata biyu a jere. Kawu ya ce ga mai gadi ya kawo. Mahaifiyata ta ce ita dai kada a shigo mata da kare tsakar gida, kuma wanda ya taɓa shi kada ya taɓa mata buta. Aka tsaya a kan zai zauna a kango, ni ne mai ba shi abinci.

Ni kuwa a sanina kare ba ya zaɓen abinci. Ragowar tuwo, ƙanzo, kokon da ya kwana, su nake zuba masa. Cikinsa ya yi tulu, ina ta yabon kaina. Da ya kai wata huɗu sai na ga ƙafafunsa na gaba sun fara lanƙwashewa, gaɓoɓin sun kumbura. In zai tashi sai ya yi ƙara, ya yi taku uku ya zube. Wanda aka kawo gadi ya zama awaki na tsallake shi.

Wani abokina ya ce kada in wahalar da kaina, in kai shi bayan ganuwa in ajiye. Ba zan ɓoye muku ba, da wannan niyyar na sa shi a kwali. Ina ɗagawa ya leƙo, yana kaɗa bindi, shi a tunaninsa yawo za mu. Sai na kasa. Na nufi asibitin dabbobi. Masu adaidaita uku suka ƙi ɗaukata, na huɗu ya yarda bisa sharaɗin kwalin ba zai sauka daga cinyata ba.

Likitar ta mammatsa ƙafafun, ta tambayi abin da yake ci. Na lissafo mata har da alfahari. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam, kai da ƙanzo aka raine ka?"

Ta yi masa allura, ta ba ni magani, ta ce ƙashinsa ne bai samu abin ginuwa ba. Ta ce a ba shi kifi, dafaffen ƙwai da romon ƙashi, a ɗauke shi daga kan siminti a zuba masa yashi, ya sha hantsi, a riƙa sa shi takawa kaɗan-kaɗan. Ba ta yi mini alkawarin zai miƙe ba.

Na sayi tukunya tasa daban. Kullum in na taso daga makaranta sai in biya wajen wani dattijon mahauci in sayi ƙashi. Ya tambaye ni wa ke jinya, kunya ta sa na ce wani ɗan gidanmu ne mai ciwon ƙafa. Daga ranar ya riƙa ƙara mini ƙashi mai ɓargo, yana cewa a gaida mai jiki. Sai da ya ce zai zo dubiya ranar Juma'a na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙa. Ya ce, "To ai shi ma rai ne. Amma dubiyar na fasa."

Wata rana aikin jarrabawa ya riƙe ni har la'asar. Na dawo a guje, na san bai ci komai ba. Ina shiga kango na tarar da mahaifiyata tsaye daga nesa, tana tura masa kaskon romo da doguwar sanda, har ta ɓare masa ƙwai biyu. Da ta gan ni ta haɗe rai, ta ce ba don shi ta yi ba, kukansa ne ya hana ta lazimi.

Bayan wata biyu, ina share kango da safe, na ga ya miƙe ya bi bunsuru da gudu har bakin katanga. Ƙafar hagu ba ta taɓa miƙewa sosai ba, gudunsa a karkace yake, amma ya shekara tara yana yin sa.

Har yau abin da ke tsaya mini a rai shi ne, ban taɓa barin sa da yunwa ba, amma ni na kusa nakasa shi, don na ɗauka na sani ban tambayi kowa ba. Da aka haifa mini 'yar fari, ranar da za a fara ba ta kunu, na cika ma'aikaciyar asibiti da tambaya har ta ce ko na taɓa renon yaro ne. Na ce mata na taɓa, amma mai ƙafa huɗu.