Wuyan Garmar Yaya

Ƙira na gada, kuma da ita na tsufa a Ɗansoshiya. Abin da ya fi gajiyar da ni ba guduma ba ce, maimaita magana ɗaya ce duk shekara.

Garmar shanu in ta ci karo da kututture, wuyanta yakan lanƙwashe. Manomi ba ya son tsayawa, sai ya ɗauki dutse ya miƙe shi a gona, da sanyinsa. Ta ƙarasa masa damina lafiya, ya jingine ta a bango, rana ta yi ta dukanta har rani ya fita. To, ƙarfen da aka tanƙwara ba wuta yana da riƙo. Yana zaune yana ƙara tauri a daidai wurin, har ya daina ba da kai. Ranar huɗar farko sai ya karye kamar rake. Maganinsa a mayar da shi wuta ya yi ja, a binne shi cikin toka ya huce a hankali.

Na gaya wa yayana haka da na ga ya miƙe wuyan garmar da na ƙera masa da dutse.

“Kai dai kana neman aiki ne,” in ji shi. “Ga ta nan garau.”

Da ruwan shuka ya sauka, ta karye masa a kunya ta biyu, shanun aro suna tsaye. Ya ɗora ta a babur sai Kwanar Dangora wurin mai walda, ya dawo yana faɗa wa mutane ƙarfen ƙaninsa ruɓaɓɓe ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma daga nan gaisuwarmu ta koma ta bakin masallaci.

Bara da kaka na ga sabuwar garmar da ya sayo a Kwana jingine a zaurensa, da tabon dutse a wuya. Ba ni da ƙarfin wata gardama. Ranar da ya tafi kasuwar Bebeji na shiga na ɗauke ta.

“Baban yara, me za ka yi da ita?” in ji matarsa.

“Aro. Kada ki gaya masa.”

Na gasa wuyan, na binne a toka, washegari kafin ya lura ta koma bango.

Bana ta yi huɗa har ƙarshe. Rannan bayan Juma'a na ji shi yana cewa garmar Kwana ba ta karyewa, ba irin ta wasu ba. Na sa takalmina na tafi gida.